Cin Wasa Biyu Cikin Goma Ba Abin Kunya Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata ɗabi'a da nake gani a cikinmu wadda ba ta yi mini daɗi ba. Duk ranar da aka cinye 'yan wasanmu, sai mu tarye su a bakin ƙofa da ihu da ba'a, har wasu su ce gara a rushe ƙungiyar kowa ya huta. Ni ban yarda da wannan ba, kuma ga dalilina daga labarin wata jami'a ta ƙasar Amurka.

Jami'ar Marshall tana garin Huntington, a Jihar West Virginia. Irin ƙwallon da suke yi ba irin tamu ba ce, mai siffar ƙwai ce, ana rungumarta a gudu da ita, 'yan wasa kuma suna sa hular kwano. Ran 14 ga Nuwamba, 1970, ƙungiyar tana komowa daga wasa da East Carolina, inda aka cinye ta da maki 17 da 14, sai jirgin saman da ya ɗauko su ya faɗi kusa da filin sauka cikin ruwan sama da hazo. Mutum 75 ne a ciki, ba wanda ya tsira. Daga cikinsu 37 'yan wasa ne, har da babban mai koyar da su, Rick Tolley.

Wasu suka ga ya kamata a dakatar da wasan. Amma sai aka ɗauko sabon mai koyarwa, Jack Lengyel. A lokacin doka ta hana ɗaliban shekarar farko shiga babbar ƙungiya, sai hukumar wasannin jami'o'i, watau NCAA, ta yi wa Marshall rangwame. Aka tattara sababbin shiga da 'yan tsirarun da ba su yi waccan tafiya ba, aka haɗa da waɗanda suka saba da wasu wasanni dabam.

A shekarar 1971 suka yi wasa 10, suka ci 2, aka cinye su a 8. Ran 25 ga Satumba, wasansu na farko a gida, suka doke Xavier da maki 15 da 13 daidai lokacin da za a tashi. Daga baya suka ci Bowling Green da 12 da 10.

Na san wani zai ce mini, ai mako ɗaya bayan sun ci Xavier an lallasa su da 66 da 6, ina amfanin tura yara a wulakanta su? Gaskiya ne, abin da ciwo. Amma mai wannan magana ya dubi abin da ya biyo baya. Sai 1984 suka ga shekarar da cinsu ya fi faɗuwarsu yawa, watau shekara 13 suna haƙuri. A 1992 kuwa suka ɗauki kofin ƙasa na rukuninsu, suka sake ɗauka a 1996. Da an rufe ƙungiyar a 1971, wa zai ɗauko kofin? Sannu sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Don haka ni a ganina, ba yawan maki kaɗai ake dubawa a auna shekarar ƙungiya ba. A dubi halin da ta fara a ciki, da ko 'yan wasanta sun gudu ko sun tsaya. Mu alhamdu lillahi ba mu ga irin wannan masifa ba, cinye mu kawai aka yi. Ina roƙonku, ran Asabar mai zuwa in an fita fili mu cika gefensa, in kuwa an cinye mu, mu raka 'yan wasanmu har ɗakin kwana ba tare da ba'a ba.