GYARA KAYANKA: In Fitilar Mota Ta Yi Gumi

 

A wannan wata na sami wasiƙa daga wani ɗan'uwa, dattijon ikkilisiya a ƙasar Filato. Yana da tsohuwar Corolla. Da ita yake kai iyalinsa sujada, da ita kuma ake kai mara lafiya asibiti in abu ya taso da dare a ƙauyensu. Ya ce tun watan Yuli fitilarsa ta hannun dama take yin gumi daga ciki. Ya kai wa bakanike, aka cire ta, aka shanya a rana, ya biya kuɗi. Bayan kwana huɗu gumin ya dawo. Yanzu wani ya ce masa ya toshe kowace kafa ta fitilar da gam. Wani kuma ya ce ya huda ƙasanta da ƙusa mai zafi don ruwan ya riƙa zuba. Yana tambaya, wace shawara zai bi?

Baba, kada ka bi ko ɗaya. Bari in faɗa maka dalili, gama na san akwai masu karatu da yawa da wannan abu ya dame su.

Fitila tana numfashi

Mutane da yawa suna tsammani fitilar mota a rufe take ruf kamar kwalba. Ba haka ba ne. A da dai akwai irin wadda aka yi gilashinta da madubinta da zaren wutarta abu guda, iska ba ta shiga, in ta mutu sai a yar a sayi sabuwa. Ita ce aka wajabta wa motocin Amurka daga 1940 har zuwa 1983. Amma fitilun da muke gani a hanya yau suna da ƙwai wanda ake cirewa, kuma masu ƙera su sun bar musu ƙananan kafofi a baya da gangan. Sau da yawa za ka ga ɗan bututun roba lanƙwasasshe, bakinsa yana duban ƙasa. Wannan shi ne hancin fitila.

Sa'ad da ka kunna wuta, iskar da ke ciki takan yi zafi, ta kumbura, ta fita ta wannan hanci. Sa'ad da ka kashe, ta huce, sai iskar waje ta shiga. Da damina iskar nan cike take da laima. In dare ya yi, gilashin gaba ya yi sanyi, laimar sai ta kwanta a kansa ta ciki. Ka taɓa ajiye kofin ruwan sanyi a kan tebur ka ga jikinsa ya yi raɓa? To, abin ke nan. Wuri mai tudu kamar Jos, inda dare yake da sanyi, abin ya fi yawa. Haka ma in an wanke mota da ruwan sanyi alhali fitila tana da zafi.

Saboda haka gumi iri biyu ne, kuma dole ka san wanda kake da shi kafin ka ɗauki sufana.

Na fari shi ne ɗan hazo fari-fari, a kusurwa ko a gefen ƙasa na gilashi. Ka ta da mota, ka kunna dim, ka bar ta minti 20 zuwa 30, ko ka ajiye ta tana fuskantar rana. In hazon ya ja baya ya ɓace, fitilarka lafiya take. Kada ka kashe ko kobo. Sai dai ka sani sababbin fitilu masu LED ba su aika zafi sosai zuwa gilashin gaba kamar ƙwan halojin, don haka nasu hazo yakan daɗe kafin ya tafi.

Na biyu shi ne manyan ɗigo masu gangarowa, ko ruwa kwance a ƙasan fitila, ko gumin da yake kwana ya wuni bai tafi ba. Wannan ba numfashi ba ne. Ko dai ruwa ya sami ƙofar shiga, ko kuwa hancin ya toshe, laima ta rasa ƙofar fita. Irin na ɗan'uwanmu ke nan. Bakaniken ya busar da ruwan, amma bai nemi inda ya bi ya shiga ba. Wanda ɗakinsa yake yoyo, in ya tsaya ga kwashe ruwa da ƙwarya bai hau rufi ba, zai yi ta kwasa har kaka.

Me ya sa za a damu?

Ruwan nan yana cin madubin da ke bayan ƙwai, ya mai da shi dishi-dishi. Yana sa bakin wayoyi su yi tsatsa. Yana kashe ƙwai. Amma babbar hasara ita ce ta haske. Ɗigon ruwa yakan watsa hasken, maimakon ya sauka a hanya sai ya bazu, rabi a idon mai zuwa daga gaba.

Ni kaina na koyi wannan da tsoro. Wata shekara cikin watan Agusta muna dawowa daga taron addu'a da dare, ana yayyafi. Na san fitilata ta dama tana da ruwa, na yi ta cewa sai ran Asabar zan duba. Ban ga matar ba sai da na kusa kai mata. Tana tafiya a bakin titi, da itace a kai, da goyo a baya. Na taka birki, mota ta ja, ta tsaya. Tsakanina da ita bai fi taku uku ba. Uwargida ba ta ce mini kome ba har muka isa gida, kuma shirun nan ya fi faɗa zafi. Motar da take gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 cikin daƙiƙa ɗaya tak. A ƙasarmu muna bin hannun dama, don haka fitilar dama ita ce take nuna maka mai tafiya a ƙasa, da mai keke, da akuya.

Yadda za ka cire ta

Ka zaɓi ranar da ake rana, ka fara da safe. Kayan aiki ba su da yawa: sufana mai lamba 10, sukurdireba, tsumma mai tsabta, alli, da kwano na zuba notuna.

1. Tun daren jiya ka tsai da mota a wuri mai daidai, tana fuskantar bango. Ka kunna dim, ka ja layi da alli a inda hasken kowace fitila ya yanke. Ka sa alama a ƙasa inda tayoyi suka tsaya. Za ka gode wa kanka daga baya.

2. Da safe ka kashe mota, ka zare makulli, ka bar fitila ta huce. Ka buɗe bonet, ka kwance kan batir mai alamar ragi.

3. Ka cire soket na wayoyi daga bayan fitila. Ka danna ɗan harshen da ke riƙe da shi, ka ja soket ɗin kansa. Kada ka ja waya.

4. Ka nemi notunan da suke riƙe da fitilar. Galibi uku ne ko huɗu. Na sama a fili suke. Na ƙasa ko na gefe kuwa, a motoci da yawa na yanzu, suna ɓoye a bayan bamba. Sai ka kwance ƙusoshin roba na saman bamba da sukurorin da ke wajen taya, ka ja gefen bamba a hankali har ka ga notin. Masu tsohuwar Fijo 504, irin wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975, aikinsu ya fi wannan sauƙi, gama bambarta ƙarfe ce, ba ta rufe fitila ba.

5. In ka kwance duka amma fitila ta ƙi fitowa, akwai sauran noti da ba ka gani ba. Kada ka sa ƙarfi. Kunnuwan fitila roba ne, in ɗaya ya karye, fitilar za ta riƙa rawa a hanya.

6. Ka ɗora ta a kan tsumma, ka cire murfin baya da ƙwayayen. Kada yatsanka ya taɓa gilashin ƙwan halojin. Maiƙon hannu yakan sa wurin ya yi zafi fiye da sauran, ƙwan ya mutu da wuri. Ka riƙe shi ta gindi.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi: in motarka tana da fitilar zenon, mai farin haske shuɗi-shuɗi da ɗan akwatin ƙarfe a jikinta, ka kai wa mai wayarin da ya san ta. Wutar da take ta da wannan ƙwai takan kai bolt 20,000 ko fiye. Ba abin wasa ba ne.

Busarwa

Ka juye ruwan da ke ciki. Ka ajiye fitilar a rana, ramukan ƙwai suna duban sama domin tururi ya fita. Wuni ɗaya na rana mai kyau yakan isa. In akwai na'urar busar da gashi a gida, ka roƙi uwargida, ka hura iska mai ɗumi ta rami ɗaya ta fita ta ɗayan. Mai ɗumi na ce, ba mai zafi ba. Gilashin fitilun yanzu ba gilashi ba ne na ainihi, wata irin roba ce mai ƙarfi, zafi yana lanƙwasa ta. Don haka kada ka kai ta kusa da murhu ko gawayi. Kada kuma ka cusa tsumma a kan sanda don ka goge ciki. Abin da yake ƙyalli a madubin nan ɗan shafe ne na alminiyam, siriri ƙwarai. In ka goge shi ya tafi, ba ya dawowa.

Neman ƙofar ɓarawo

Nan ne ainihin aikin yake, nan kuma ya kamata ka ba da lokaci. Wurare huɗu za ka duba.

Murfin baya. Shi ne ya fi yawan laifi. Wani ya canja ƙwai da dare, bai mai da robar daidai ba, ko ta tsufa ta tsage, ko ta ɓace gaba ɗaya. Waɗansu kuma sun sa ƙwan LED na kasuwa mai babban gindi, murfi ya ƙi rufuwa, suka yanke shi ko suka yar. In haka ne, ka nemi murfi a wurin masu sayar da kayan mota. Kuɗinsa kaɗan ne.

Hancin fitila. Ka zare bututun, ka hura da baki. Ƙurar hunturu takan taru a ciki, damina ta mai da ita laka. Zanzaro ma yana son irin wannan rami don ginin ɗakinsa. Ka wanke, ka busar, ka mayar bakinsa yana duban ƙasa.

Mahaɗin gilashi da jikin fitila. Akwai wani baƙin danƙo da ya haɗa su kewaye. Da tsufa da zafin rana yakan bushe ya bar kafa, musamman ta sama inda ruwan bonet yake zuba. Ka shafa ruwan sabulu a kan mahaɗin, ka toshe sauran ramuka da hannu ko tsumma, ka sa yaro ya hura ta rami ɗaya. Inda kumfa ya taso, nan ne kafar. Ka wanke wurin, ka bari ya bushe sarai, ka bi shi da silikon siriri daga waje. Ka ba shi kwana ɗaya kafin ruwa ya taɓa shi.

Jikin fitila. Ka duba baya da ƙasa da wajen kunnuwa ko akwai tsaga, musamman in motar ta taɓa yin karo. Ƙaramar tsaga a baƙar roba gam mai ƙarfi yana riƙe ta. In gilashin gaba ne ya fashe, ko madubi ya riga ya mutu, sai haƙuri, sai wata fitila.

Yanzu ka ga abin da ya sa na ce kada ka bi shawarwarin nan biyu. In ka toshe hancin da gam, ka kulle laima a ciki, ba ta da mafita, kuma iska mai zafi za ta yi ta tura mahaɗin har ta buɗe sabuwar kafa. In ka huda da ƙusa, ka buɗe wa ƙura da ruwan titi ƙofa wadda ba ta da mai tsaro.

In sayen wata ya zama dole, ka lura da wannan. Nijeriya ta koma bin hannun dama a watan Afrilu na 1972. Fitilar da aka yi domin Ingila ko Japan, inda ake bin hagu, tana ɗaga haskenta ta hagu, wato cikin idon mai zuwa daga gaba. Ka sa a haska ta a bango kafin ka biya. Hasken dim ya kamata ya kwanta ta hagu, in zai tashi ya tashi ta dama.

Mayarwa

Ka mai da kome yadda ka cire, na ƙarshe ya zama na fari. Ka ɗaure notuna daidai, kada ka matse har roba ta fashe. Ka haɗa batir, ka gwada dim da ful da sigina kafin ka rufe bamba. In dare ya yi ka koma gaban bangon nan, ka tsaya a kan alamarka. In hasken bai sauka a layin alli ba, akwai sukurorin saiti a bayan fitila. A jikin fitilu da yawa za ka ga an rubuta 1.0% ko kusa da haka. Ma'anarsa, in bango yana nesa da mita 10, hasken dim ya sauka santimita 10 ƙasa da tsayin ƙwan fitilar. Daga yau kuma ka gaya wa mai wankin mota kada ya sa bakin tiyo mai ƙarfi a bayan fitila ko a mahaɗinta.

A cikin Maimaitawar Shari'a sura 22 aya 8, an umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufinsa katanga kewaye, domin kada wani ya faɗo, alhakin jini ya hau gidan. Allah bai jira sai wani ya faɗo ba kafin ya yi magana. Mai mota ma haka ne. Mukan yi addu'a kafin mu tashi tafiya, wannan daidai ne. Amma matar nan mai goyo a bakin titi maƙwabciyarka ce, kuma abin da za ka iya yi mata shi ne ka gan ta da wuri. Kada ka ce sai ran Asabar, yadda na ce.

Baba, ka fara da murfin baya da hancin, ina tsammani a nan za ka kama ɓarawon. Ka rubuto mana yadda ta kaya. A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba robar goge gilashi da lokacin da ya kamata a canja ta. Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku.