SHARHI: Kifin Da Ya Fi Riba Da Ransa

Masu iya magana sun ce kifi na ganinka mai jar koma. To, a gaɓar tekun jihar Fulorida ta ƙasar Amurka akwai wani kifi da mai jar koma bai damu da shi ba, amma masu na'urar ɗaukar hoto suna kashe maƙudan kuɗi domin su yi ido biyu da shi. Sunansa tarpon, ana kuma yi masa kirari da sarkin azurfa saboda ƙyallin jikinsa. Namansa cike yake da ƙaya, Amurkawa ba su cika cinsa ba. Duk da haka masu masauki, da masu jiragen haya, da 'yan jagora, da gidajen talabijin suna ci da iyalansu a kansa. Wannan al'amari ya cancanci 'yan kasuwarmu su yi nazarinsa, domin kuwa kifin nan yana nan a ruwayenmu.

Abin da ya sa talabijin ke sonsa a bayyane yake. Kifi ne da kan kai tsawon mita biyu, kuma da zarar ya ji ƙugiya sai ya yi tsalle ya fito daga ruwa ɗungurungum yana girgiza kai. Yakan kuma taso saman ruwa ya shaƙi iska, wanda ke sa a hango garkensa daga nesa. Gidan talabijin na ABC ya daɗe da gane darajar irin wannan kallo, inda ya yi ta nuna shirin farauta da kamun kifi mai suna The American Sportsman daga 1965 zuwa 1986. A 1973 kuma aka ɗauki wani fim mai suna Tarpon a Key West, wanda masu sha'awar wannan wasa ke ambato har yau.

Sai dai ɗaukar irin wannan shiri ba wasan yara ba ne. Galibi ana bukatar jirgi biyu, ɗaya na mai kamu da ɗan jagoransa, ɗaya na masu ɗaukar hoto da sauti. Iska na iya tasowa ta gurɓata ruwa, kifi na iya ƙin cin abin da aka jefa masa, kuma bakinsa mai tauri ne ƙwarai, yawancin waɗanda suka kama ƙugiya sukan kuɓuce. Saboda haka akan shafe kwanaki ana biyan mai da haya da ladan ma'aikata kafin a haɗa shirin rabin sa'a, wanda in an cire talla bai fi minti 22 ba. Da yawa daga masu irin waɗannan shirye-shirye su ne ke sayen lokaci a gidan talabijin, sa'an nan su mayar da kuɗinsu daga kamfanonin ƙera jirage da injuna da kayan kamu. Ashe shirin kansa talla ne. Mai kallo a wani gari mai sanyi ya ga kifi ya tashi sama, baɗi sai ya sayi tikiti, ya kama ɗaki, ya ɗauki ɗan jagora. Kifin da aka saka bana, wani baƙo zai sake biya domin ya kama shi baɗi, tunda yana iya rayuwa shekaru 50 ko fiye.

Amma fa kwaɗayi mabuɗin wahala. Mashigar ruwa ta Boca Grande a kudu maso yammacin Fulorida wuri ne da dubban kifayen nan ke taruwa a watannin Mayu da Yuni, gab da lokacin haihuwarsu. A nan aka yi shekaru ana shirya wata gasa ta musamman domin talabijin, mai suna Professional Tarpon Tournament Series. Jirage masu ɗauke da tambarin kamfanoni sukan yi cincirindo a kan garken kifi, a kama, a ja shi zuwa ma'auni a gaban na'ura, kana a sake shi a galabaice cikin ruwan da kifayen shak ke jira. Mazauna yankin da tsofaffin 'yan jagora suka tashi tsaye, suna zargin cewa wata irin ƙugiya da ake amfani da ita tana cafkar kifi ta gefen kai ne ko da bai ci ba. A 2013 hukumar kula da kifi da namun daji ta Fulorida ta yanke hukunci. Ta mayar da tarpon kifin kamu a saki, in ban da mai neman kafa tarihi wanda ya sayi takardar izini. Ta hana fitar da duk wanda ya wuce inci 40 daga ruwa, ta kuma haramta ƙugiyar da ake ta cece-kuce a kanta a Boca Grande.

Darasin da ke nan na kasuwanci ne tsantsa. Na'urar ɗaukar hoto tana son kifi a hannu, a ɗaga shi sama, a auna shi. Jarin kuwa yana son kifi a ruwa da ƙarfinsa. In aka bar mai shirya fim shi kaɗai ya yanke shawara, zai zaɓi hoton da ya fi jan ido, domin shi gobe yana iya kwashe kayansa ya koma wata gaɓar. Ɗan jagora da mai masauki ne za a bari da ruwa babu kifi.

Me ya haɗa mu da wannan? Tarpon yana rayuwa a ɓangarori biyu na Tekun Atlantika, kuma a namu ɓangaren ana samunsa daga Senegal har Angola. Mafi girman da hukumar kula da tarihin kamun kifi ta duniya, IGFA, ta amince da shi an kama shi ne a tsibirin Rubane na Gini Bisau a 2003, nauyinsa kimanin kilo 130. Gini Bisau da Gabon da Angola sun riga sun sami masaukai na musamman da ke karɓar baƙi daga Turai saboda wannan wasa, ana kuma ɗaukar hotunan da ke tallata su. Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, kifin yana cikin tafkunan Legas da rafukan Neja Delta, har ma mazauna yankunan ruwa na jihar Ondo suna kiwonsa. Kuma ba mu ne za a koya wa cewa kamun kifi abin kallo ne ba. Bikin Argungu, wanda ya samo asali a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya isa shaida.

Wani zai ce, a ƙasar da ke sayo daskararren kifi daga waje, ina hankali a kama kifi mai kilo 50 a sake shi? Tambaya ce mai ma'ana. A nan ana cin tarpon, kuma babu mai ikon gaya wa masunci ya bar abincin 'ya'yansa saboda nishaɗin baƙo. Amsar ita ce a keɓe wurare ƙalilan bisa yardar masuntan, su ne kuma za su zama 'yan jagora da masu jirage, da kaso tabbatacce daga abin da baƙo da mai fim suka biya. In kifi mai rai bai fi matacce kawo wa masunci kuɗi ba, tsarin ba zai kai ko'ina ba.

Akwai kuma wasu ƙalubale da bai kamata a ɓoye ba. Hukumar IUCN ta sa tarpon cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana. 'Ya'yansa suna girma ne a rafukan bakin teku masu duhuwar itatuwa, wuraren da malalar ɗanyen mai da cike ruwa da yashi ke lalatawa. Batun tsaro ma yana nan, domin a 2020 an sace ma'aikatan jiragen ruwa 130 a mashigin tekun Gini, ko da yake lamarin ya ragu ƙwarai tun daga 2021. Baƙo ba ya zuwa inda yake tsoro, kamfanin inshora ma ba ya yarda a kai kayan aiki.

Don haka shawararmu ita ce a fara da abin da Fulorida ta ƙare da shi. Cibiyar binciken teku ta ƙasa da ke Legas ta tantance inda manyan kifayen ke taruwa da lokacinsu. Jihohin gaɓar teku su kafa ƙa'idar kamu da saki a wuraren da aka keɓe, su kuma sa ta cikin sharuɗɗan izinin ɗaukar fim. Bayan haka ne mai jari zai gina masauki, ya gayyaci masu na'ura. Rigakafi ya fi magani, kuma wanda ya ga abin da ya sami maƙwabcinsa bai da uzurin maimaita shi.