Ragon Tunuga da dokar Yamai

A watan Mayun 2025, ana dab da babbar salla, gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi zuwa ƙetare domin ragon layya ya yi sauƙi a kasuwannin cikin gida. Niyyar mai kyau ce, amma a Tunuga, can kudancin Gaya, mai kiwo ne ya ɗauki nauyin wannan sauƙin. Matar da ta ɗaure rago a turke wata da watanni, tana sayen dusa da harawa, lissafinta duk a kan 'yan kasuwar da ke zuwa ta Kamba ta jihar Kebbi yake. In an tare su, sai dillalin gida ya taya yadda ya ga dama, ita kuwa bashin dusa na jiranta. Dama tun Disamban 2019 Benin ta hana garkunan ƙetare shiga ƙasarta, aka kuma rufe gadar Gaya zuwa Malanville bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Shanun da a da ke tsallaka kogin Kwara da rani yanzu cunkushe suke a 'yar makiyayar da gonaki ke ci kullum, duk da cewa dokar makiyaya ta Nijar ta 2010 ta amince da 'yancin yawon kiwo, ta kuma kare burtali. A ganina, hukumar da ta rufe wa makiyayi kasuwa wajibi ne ta kawo masa abincin dabbobi da rahusa, ta kuma faɗi ranar ɗage dokar hanin tun ranar da ta kafa ta.