DAGA BAKIN GONA: Ina Biran Gedambaliya Suka Tafi?

Dawa ta fara nuna, 'yan'uwanmu na bakin kogin Rahad kuma sun fara kukan da suka saba: gwaggon biri ya shiga gona. Mu nan Gedambaliya sai mu yi shiru, don yaro ya kan girma bai taɓa ganin biri a daji ba. Tsofaffinmu kuwa sun ce a da jan biri har bayan gari ya kan zo.

To, ina suka tafi? A nan ƙasar tamu aka fara noman tarakta a Sudan, wajen 1945. Daga nan aka bi dajin dushe da dakwara da aduwa ana sarewa, har ya zama fili fetal. Jan biri kuwa ƙaro ne abincinsa, da ƙwari da 'ya'yan itace. Gudu gare shi, ya kan yi kilomita 55 a awa guda, babu birin da ya kai shi, amma gudu ba ya maganin yunwa. Dokar daji ta 1989 ta ce kowane mashru'in noman damina ya bar kashi 10 cikin ɗari na filinsa ga itatuwa. Kowa ya leƙa gonakin da ke kewaye da mu ya ƙirga da kansa.

Waɗanda suka rage sun taru kudu, a gandun Dindir da aka keɓe tun 1935, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 10,000. Can akwai gwaggon biri garke-garke, akwai jan biri, akwai kuma kirka, mai baƙar fuska da farin saje, wadda ba ta nisa da ruwa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 mutane suka kwararo Gadarif, buƙatar gawayi ta ƙaru, gatari kuma ya ƙara matsawa bakin gandun. Biri ba shi da rumbu. In an sare nasa, namu zai nufa.

Ba mu ce manomi ya naɗe hannu ba. Wanda ya sha rana wata huɗu ya san zafin ɓarna. Amma guba da wasu ke zubawa ba ta tambayar suna: kare ya ci, ungulu ta ci, wani lokaci har akuyar maƙwabci. Gadi da safe da yamma, da karnuka, da bugun gwangwani sun fi.

Abin da ya fi damun mu shi ne ɗan birin da ake ɗaurewa a gida don yara su yi wasa. Kafin a kama shi, yawanci sai an kashe uwar. Kuma da yake jikinsa kusa yake da namu, cuta ba ta wahalar tsallakawa: tarin fuka daga gare mu zuwa gare shi, tsutsar ciki daga gare shi zuwa yaranmu. Shawara ma a jinin biri ta kan zauna, sauro ya ɗauko ya kawo wa mutum. Ba mu manta da yadda ta yi kisa a Darfur a 2012 ba. Allurarta sau ɗaya ce, ta isa har ƙarshen rai, don haka masu zuwa yankan ridi ko kiwo wajen Dindir su nemi a yi musu.

In kuwa biri ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi asibiti a ranar don allurar haukan kare. Kada a tsaya shafa toka.