Ra'ayinmu: Yashin Bakin Teku Shi Ne Ganuwar Ikko

Mutumin Arewa ya san yashi abin tsoro ne. Duk wanda ya fito daga wajen Yusufari a Jihar Yobe ya ga yadda tudun rairayi yake tafiya sannu-sannu har ya binne gona da rijiya. To, amma a nan Ikko al'amarin ya sha bamban. Yashi shi ne ganuwar gari, in ya ƙare kuwa teku ya shigo.

Ga misali a Bar Beach. Igiyar ruwa takan kwaso yashi daga yamma ta kai shi gabas. Da Turawa suka gina katangun dutse a mashigin tashar jirgin ruwa a farkon ƙarni na 20, sai yashin ya tsaya daga yamma, bakin ruwan Victoria Island ya shiga zaizayewa, har teku ya riƙa malalowa kan titin Ahmadu Bello. A watan Agusta na 2012 ambaliya ta ci rayuka a Kuramo. Sai da aka kashe maƙudan kuɗi a aikin Eko Atlantic, aka yi katanga da hannu a madadin wadda Allah ya ba mu kyauta.

Wannan magana ta shafe mu, gama da yawa daga cikin 'yan'uwanmu a gefen ruwa suke zaune, waɗansu kuma da lodin yashi a tifa suke ciyar da iyali. Ba mu ce kowa ya bar sana'arsa ba, amma ya kamata mai ɗiba ya san inda ɗiban yake zama ɓarna.

Saboda haka muke ba da shawara a kai yara cibiyar kiyaye muhalli ta Lekki, wadda ƙungiyar Nigerian Conservation Foundation ta kafa a 1990. Fili ne mai hekta 78 na fadama da kurmi, kusa da teku, an bar shi yadda ƙasar take kafin gine-gine su cinye ta. Akwai birai da kadoji da tsuntsaye, da gadar igiya mai tsawon mita 401 a bisa kan itatuwa, akwai kuma ma'aikata masu yi wa 'yan makaranta bayani. Daga nan a zarce da su bakin ruwa, su ga yashin da idonsu. Gani ya kori ji.

Muna kira ga sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni, da malaman makarantun Islamiyya, su haɗa kai su ɗauki hayar mota ko da sau ɗaya a shekara. Yaron da ya gane amfanin yashi a Ikko, in ya koma gida zai gane amfanin itace a bakin hamada. Allah ya sa mu gane.