Raddi Ga Masu Neman A Soke Dokar Kisan Amare A Indiya

Tun watan Disamba na 2024, lokacin da wani injiniya ya kashe kansa a Bengaluru ya bar wasiƙa yana zargin matarsa da danginta da gallaza masa da ƙararraki, wata tsohuwar magana ta sake tasowa a Indiya. Masu kiran kansu 'yan kare haƙƙin maza suna cewa dokokin dahej, wato dukiyar da iyayen amarya ke kai wa ango da gidansu, sun zama makamin mata, don haka a soke su. Hujjojinsu huɗu ne: doka tana ɗaukar miji mai laifi tun kafin shari'a, yawancin ƙararrakin ƙarya ne, wadda ta kashe kanta ba kashe ta aka yi ba, kuma dokar ba ta hana komai ba. Mutuwar bawan Allah nan abin takaici ce, amma hujjojin nan ba su da ƙafar tsayawa.

Mu fara da ta farko, wadda suka fi ɗaga murya a kanta. Ina rantsuwa da yawansu ba su taɓa buɗe dokar ba. Sashe na 304B, wanda aka shigar cikin kundin hukunta laifuffuka a 1986, kuma ya koma sashe na 80 a sabon kundin da ya fara aiki ran 1 ga Yuli 2024, bai ce duk wanda matarsa ta mutu a ɗaure shi ba. Sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar da abu huɗu tukuna: cewa ta mutu da ƙuna ko rauni ko wata mutuwar da ba ta al'ada ba, cewa hakan ya faru cikin shekara bakwai da ɗaura aure, cewa mijin ko danginsa sun azabtar da ita dab da mutuwar, kuma cewa azabar a kan neman dahej ce. Idan ɗaya ya faɗi, ƙarar ta faɗi. Sai huɗun sun cika sannan dokar shaida ta ce wa miji: to, yanzu kai ka yi bayani. Kuma ƙofar kare kansa a buɗe take. Wannan ne ake kira hukunci kafin shari'a? Haba!

Ruwa ba ya tsami banza. An haramta dahej tun 1961, amma a ƙarshen shekarun 1970 amare suna ta ƙonewa a Delhi, kullum labari ɗaya: risho ne ya fashe. Satya Rani Chadha, wadda 'yarta ta ƙone a gidan miji a 1979 da ciki a jikinta, ta shafe shekaru tana zaryar kotu, daga baya ita da Shahjahan Apa suka kafa Shakti Shalini don matan da aka zalunta. Ku tambayi kanku: yarinya ta mutu a madafa, ƙofa a rufe, su wa suka gani? Miji, uwar miji, ƙannen miji. Shaidun su ne waɗanda ake tuhuma, wadda za ta ƙaryata su kuwa ta zama toka. Wanda ya ce dole iyayenta da ke wani gari su kawo wanda ya ga an kyasta ashana, cewa yake yi kada a taɓa hukunta kowa. Ya fito fili ya faɗi haka mana.

Ta biyu, wai ƙarya ta yi yawa. A nan suke haɗa abu biyu da gangan. Sashe na 498A na 1983, wanda shi ma aka mayar cikin sabon kundin, yana magana ne kan mace mai rai da ta kai ƙarar cin zarafi, kuma gaskiya ne an samu masu jawo dangin miji kaf cikin ƙara ba gaira ba dalili. Kotun Ƙoli ta ga haka, shi ya sa a 2014, a shari'ar Arnesh Kumar, ta hana 'yan sanda kama mutum kai tsaye ba tare da rubuta dalili ba. An yi maganin wannan ba tare da rushe doka ba. Amma 304B gawa ce a kwance. Alƙaluman hukumar tattara bayanan laifuffuka ta ƙasar sun nuna irin wannan mutuwa 6,450 a 2022 kaɗai, kusan 18 kowace rana. Su ma ƙaryar suka yi? Sakin wanda ake tuhuma kuwa ba shaidar ƙarya ba ne a ƙasar da shari'a ke shekara goma, shaidu su gaji, iyaye su janye saboda jikokin da ke hannun surukai.

Ta uku, wai ita ta kashe kanta. A gundumar Kollam ta jihar Kerala, a Yunin 2021, an tarar da wata ɗaliba a rataye a gidan mijinta, ma'aikacin gwamnati. An ba shi zinare da fili da mota, ya raina motar. Kafin ta mutu ta tura wa danginta hotunan raunukan dukan da aka yi mata. A Mayun 2022 kotu ta yanke masa shekara goma. Wanda ya tura mutum har bakin rijiya ba zai ce hannunsa tsarkakakke ne ba.

Ta huɗu ba ta cancanci dogon raddi ba. Sata ma ba ta ƙare ba, ban ji mai neman a soke dokarta ba.

Mu ma kada mu yi musu kallon nesa. Duk gidan da ake yi wa amarya gori a kan kayan ɗaki ko gara, an taka farkon wannan hanya ne. A gyara binciken 'yan sanda, a gaggauta shari'a, a hukunta mai ƙarar ƙarya, amma a bar dokar nan inda take. Ku kuma iyaye, idan 'yarku ta kira tana kuka ta ce ana dukanta a kan kaya, ku je ku ɗauko ta ranar, kada ku ce mata ta yi haƙuri.