Zauren Iyali: Motar Wa'azi da Wutar Aro



Tun da aikin ZACA ya tashe mu daga Zangwatin a shekarar 2003, dangi suka rarrabu, wasu nan Waga 2000, wasu Nioko, wa'azi da walima suka zama na tafiya. Motar ƙungiya ce ke ɗaukar lasifika da amfilifaya da ɗan firigon ruwan sanyi, duk inda ta sauka kuma sai ta roƙi kuran a gidan da ya karɓe ta. To, a nan gizo ke saƙar.

A wata walimar saukar Alƙur'ani a bayan gari, an jawo mana wuta daga maƙwabta da wata siririyar waya mai tsawon gaske. Mun ga fitila ta yi ja, ba mu kula ba. Kafin a shafa fatiha firigo ya ɗauki zafi ya mutu, alhali da kuɗin sadakar jama'a aka saye shi. Laifinmu ne, ba na mai gida ba.

Kayan nan an ƙera su ne domin volt 220. Jama'a na tsoron wuta mai ƙarfi, sun manta raunanniya ma tana kisa. Injin firigo idan bai sami ƙarfin da yake bukata ba, yakan riƙa zuƙar wuta fiye da kima, wayoyin cikinsa su yi zafi har su ƙone. Doguwar waya siririya kuwa a hanya take cinye ƙarfin, balle a zafin Maris zuwa Mayu da kowane gida ya kunna fanka. Mafi muni shi ne gida mai layi uku: idan wayar da masu gyara ke kira nitir ta tsinke, soket ɗaya na iya kaiwa kusan volt 380, amfilifaya kuwa ba ya jure wannan.

Saboda haka yanzu ba ma jona komai sai an gwada da na'urar awon wuta. Ƙasa da 200 ko sama da 240, mun haƙura. Sannan mukan sake gwadawa bayan an kunna kaya, domin raunin waya ba ya bayyana sai ta ɗauki nauyi. Tsakanin soket da kayanmu mun sa regilatar, irin mai yanke wuta idan ta wuce iyaka, ya kuma jinkirta maido ta. Dogon soket mai kariyar tsawa da ake sayarwa a kasuwa yana da amfaninsa, amma ba ya ɗaga wutar da ta faɗi. Kada mai shago ya ruɗe ku.

Idan gurup ne, a tayar da shi ya daidaita tukuna kafin a jona, a kuma cire kaya kafin a kashe shi. Firigo kuwa, a mota ko a ɗakin uwargida, idan an ɗauke wuta a ba shi kamar minti 5 kafin a sake kunnawa.

Saura haƙƙin mai gida. Gidaje da yawa mitar SONABEL ta kashpawa gare su, wadda sai an biya ake sha. Kunya za ta hana shi magana, don haka ma'ajin ƙungiya ya riƙa sayen wuta ya miƙa masa tun kafin a shimfiɗa tabarmi.